Juyin Kiɗan Babanmu da Yatsun Malachy Direba

Kwamitin bikin kiɗa na garinmu ya aiko mini wai in rubuta 'yan layuka a kan yayana Malachy Hehir, tunda ya ajiye tuƙin bas, za su sa a mujallarsu ta bana. 'Yan layuka fa. Bara da karen Fergal Culligan ya mutu, shafi guda suka ba shi har da hoto, don kawai yana kwanciya a ƙarƙashin kujera in ana kiɗa. Amma mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kwasar mutanen yankinmu na yammacin Clare zuwa birnin Ennis yana dawo da su, yana ɗura musu kiɗa a kunne kyauta, shi ne na 'yan layuka. To ga abin da na rubuta. Wanda ya yanke mini ko kalma ɗaya, na san gidansa.

Babanmu, Packie Hehir, mabushin sarewar katako ne, manomi kuma in sarewar ta ƙyale shi. Mu uku ya haifa: Malachy, Ultan, sai ni Philomena auta. Duk wanda ya san shi zai ce maka gwani ne. Ni zan ƙara da cewa marowaci ne, Allah ya jiƙansa. Ba rowar abinci ba, rowar kiɗa. Makaɗan zamaninsu haka suke, in mutum ya mallaki take mai kyau sai ya ɓoye shi, don ya san maƙwabcinsa sau biyu kawai zai ji ya ɗauke. Baba yana da wani take da ya gada daga kawun uwarsa. Kowane take namu yana da kai yana da juyi, a busa kan sau biyu, a juya sau biyu. Take ba juyi wando ne mai ƙafa ɗaya. Ran Lahadi da rana, in makaɗa sun zauna a mashayar Considine, sai Baba ya busa kan taken nan, mutane su miƙa wuya, daidai inda juyi zai shigo sai ya zarce wani kiɗan daban yana murmushi a cikin sarewar. Juyin kuwa a ɗakin shanu kawai yake busa shi, ƙofa a rufe. Wani ma'aikacin rediyo ya taɓa zuwa da na'urar ɗaukar murya. Baba ya ba shi shayi da burodi da man shanu, ya busa masa abin da kowane yaron firamare ya iya, ya raka shi har bakin titi.

Tun Malachy yana ƙarami Baba ya miƙa masa sarewa ya gwada. Ya cika kumatu ya busa, kaji suka watse daga tsakar gida.

“Ajiye,” in ji Baba. “Kai ba ka da shi. Je ka yi tatsa.”

Hukunci ya yanku ke nan. A gidajenmu in uba ya ce ba ka da shi, to ba ka da shi har ka shiga ƙasa. Sarewa ta zama ta Ultan, nonon saniya ya zama na Malachy. Safe da yamma yana kan kujerar tatsa, Baba na zaune a kan kifaffen bokiti yana busa wa shanu abin da ya hana mutane. Da yaron ai bai damu ba, tunda ba shi da shi. Ultan kuwa an ce za a ba shi juyin in ya isa. Wata rana lokacin yankan ciyawa Baba ya faɗi a gona bai tashi ba, Ultan bai kai ga isa ba. Yana birnin Perth yanzu, can wata uwa duniya, yana shimfiɗa wa mutane tayil a banɗaki, sarewar na rataye a falonsa tana shan ƙura.

Saboda haka duk duniya mutum ɗaya ne ya san juyin nan, kuma Allah da ikonsa sai ya zama mutumin da ba ya iya fitar da shi. Malachy ba ya busa, ba ya goge, kuma in ya buɗe baki zai rera, abin da ke fitowa ya fi kama da ƙofar lambu mai tsatsa. Fergal Culligan, mahaucin garinmu, wanda yanzu shi ne babba a zaman Lahadi kuma shi ke riƙe da goge, ya yi shekara da shekaru yana lallashinsa.

“Direba, ɗan rera mana da baki, ko yaya ne. Mu za mu tsinto shi.”

Sai Malachy ya ajiye kofin shayinsa, ya rufe ido, ya fara.

“Tsaya, tsaya! Direba, birkinka ne ke kuka ko kai ne?”

Su kwashe da dariya, shi ma ya taya su, ni kuma in ji kamar in juye wa Fergal tukunyar miya a ka. Kuma duk tsawon shekarun nan a bayan da'irar yake zama, don dokar zaman ita ce wanda ba ya riƙe da abin kiɗa ba ya shiga ciki. Har mai buga gangar fatar akuya, wanda kowa ya san haƙuri ake da shi, yana da kujera a ciki. Ɗan Packie Hehir na jikin bango kusa da wurin rataye riguna.

Tunda an hana shi busa sai ya zama kunne. Bai yi aure ba, ba ya shan giya, abin da ya samu a faifai yake ƙarewa. Tun zamanin kaset har aka koma faifai har aka koma waya, ba wanda ya taɓa shiga motarsa ya fita da kunnen da ya shigo da shi. Kujerar gaba ta kusa da ƙofa ita ce asibitinsa. In ka zauna nan sai ya ɗan dube ka, ya yi maka tambaya biyu uku, ya faɗa maka maganinka.

Na taɓa ji da kunnena wata Ba'amurkiya ta ce masa ita fa tana mutuwar son kiɗanmu, kullum shi take sawa in tana wanka, mai tsirkiya a hankali da ƙarar ruwa a bayansa.

“Baiwar Allah,” in ji shi, “wannan ba kiɗa ba ne, sabulu ne. Bari in ɗora ki a hanya. Ki fara da masu jitar lantarki da manyan ganguna, amma ki zaɓi waɗanda goge ne ke jan ragamarsu, ba waɗanda suka ɗauko mai goge don hoto ba. In ƙafarki ta fara motsi ba da izininki ba, sai ki sauko wurin masu waƙar taro, ƙattin nan masu gemu da ke kukan jiragen da suka kwashe 'yan'uwansu zuwa ƙasarku. Ki ɗan jima a nan. Daga nan ki watsar da kalmomi gaba ɗaya ki shiga kiɗan rawa, goge da sarewa zalla. Namu na Clare a hankali yake tafiya kamar mai dawowa daga coci. Na yankin Donegal kuwa kamar an sako masa kare.”

Matar ta ce to daga nan fa?

“Daga nan ki tsallaka ruwa. A tsibiran Scotland akwai waƙoƙin mata masu bugun jiƙaƙƙen saƙi a kan tebur, ɗaya ta bayar saura su amsa, ki ji su in kina aikin gida. A yankin Brittany akwai algaita mai tsaga kunne, kada ki kusance ta da ciwon kai. Mazan Wales in sun haɗa murya, ki tanadi hankici. Can ƙarshen hanya kuma, a nan gida, akwai tsohuwa ɗaya daga yankin Connemara, ba goge ba ganga, ido a rufe, tana waƙa da harshenmu na kaka da kakanni. Ranar da kika zauna har ta gama ba ki taɓa wayarki ba, ki dawo in ba ki hannu.”

Mu 'yan gida kuma maganinmu daban. Wadda mijinta ya rasu ba ya ba ta kiɗan kuka, sai na rawar yankin Kerry mai tsalle, wai kuka ai tana da nata a gida. Sababbin ma'aurata ya haɗa su da algaitar nan tamu da ake matsawa a hammata, mai jan numfashi, wai su rage gudu. Wani da ke shari'a da maƙwabcinsa a kan shinge ya ba shi wata waƙa mai baiti ba iyaka, ya ce kafin ta ƙare zai manta a ina shingen yake.

Ni dai ba na ɓoyewa, matakin farkon nan nasa ban taɓa yarda da shi ba. Kiɗan lantarki hayaniya ce. A wannan kaɗai ni da Fergal muka taɓa zama baki ɗaya. In na yi magana sai Malachy ya ce, “Mena, ta nan suke shigowa. In na tare su da tsohuwar Connemara tun a ƙofa, guduwa za su yi.”

Sai kunnen ya fara tafiya. Na fara lura da rediyon motar yana ƙara ƙarfi wata bayan wata. Likita a birnin Limerick ya ce abin ba ya dawowa, ƙara gaba zai yi, kuma siraran sauti ne ke fara ɓacewa, wato daidai inda sarewa take. Aka ba shi 'yan na'urorin sawa a kunne, ya ce suna mayar masa da goge kamar ana soya ƙwai, ya jefa su a aljihu. Wata Lahadi yana cin dankali da kabeji a kicin ɗina ya ajiye cokali.

“Ba kurumcewar ce ta dame ni ba, Mena. Na ji abin da ya ishe ni a duniya. Juyin nan ne. Ko yau wani ya yi sa'a ya faɗo a kansa, ni kaɗai zan iya cewa shi ne ko ba shi ba ne. In kunnen ya rufe, wa zai ce?”

“Laifin Baba ne,” na ce. “Allah ya jiƙansa, ya kuma tambaye shi.”

“Kada ki ce haka.”

“Na ce, Yaya. Ci abincinka.”

Yanzu sai Gobnait Lenihan. 'Yar garinmu ce, ta kusa arba'in amma rabin kanta a aske, sauran rabin ta rina shi kalar ruwan jan kabeji. Tana busa sarewa a wata ƙungiya ta masu lantarkin nan, suna yawo har Jamus. Fergal ya daina amsa gaisuwarta tun ranar da ta shigo zaman Lahadi da lasifika a hannu. Wata Juma'a motarta ta lalace ta shigo bas, ni kuma Juma'a ce ranar cefanena a Ennis. Ina hawowa na tarar da ita a kujerar gaba.

“Wannan kujerata ce.”

“Yi haƙuri, Gwaggo, ban ga sunanki a jiki ba.”

“Duk Clare ta san sunana na nan.”

“Mena, ƙyale ta,” in ji Malachy. “Mara lafiya ce, yau zan duba ta.”

Na zauna a bayanta ina kallon askakkiyar ƙeya. Kafin mu bar gari ya fara mata.

“Ke 'yata, kin daɗe a bakin ƙofa. Gangunan nan naku na farkon shiga ne. Yaushe za ki ƙaraso ciki?”

“Kawu, ni fa tun ina firamare nake ciki. Fitowa na yi shan iska.”

“Iskar ta yi yawa, har ta kwashe miki rabin gashi.”

Suka kama. Shi yana lissafa mata tsofaffin da ya kamata ta koma ta saurara, ita tana ce masa tsofaffin nan da sun samu lantarki da sun yi amfani da shi. Ana cikin haka sai ta miƙa wuya. Na leƙa na ga ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa take kallo.

Ni kaina na gaji da yi masa faɗa a kan riƙon sitiyarin nan. Mutane hannu ɗaya nan ɗaya can suke riƙewa. Shi duka biyun a sama yake haɗa su, na hagu ta ƙasa tafin na kallonsa, na dama ta sama, yatsu kuma ba sa zama wuri ɗaya, musamman in bakinsa ya kama zuba. Tun yana yaro haka yake riƙe sandar tsintsiya. Mun ɗauka ɗabi'a ce kawai, kamar masu karkaɗa ƙafa.

“Kawu, me kake busawa?”

“Tuƙi nake, 'yata.”

“Wannan ba riƙon sitiyari ba ne, riƙon sarewa ne. Uku nan, uku nan. Kuma abu ɗaya suke ta maimaitawa, ban san shi ba. Ni kuwa ba take a Clare da ban sani ba.”

Malachy ya dubi hannunsa. Nan take yatsun suka tsaya cak kamar an kama ɓarawo. Muka ci gaba da tafiya har Ennis. Da muka tsaya ya kashe inji, ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, “Ina jin na Baba ne. Shi nake ji a kaina in ina tuƙi.”

Gobnait ta maƙale mana. Ta yi mako tana hawa bas tana leƙe, amma yatsun hagun suna ɓoye a bayan sitiyari, rabi kawai take gani. Ta gwada ɗauka da waya, da ya hango wayar sai yatsun su mutu. Ɗan Packie ne ai. Daga ƙarshe na ce su zo kicin ɗina ran Lahadi bayan coci, a gabana, don ban yarda da ita ba.

Ta zo da wata babbar sarewar ƙarfe, irin wadda ake busawa ta baki kamar usur, ramukanta shida daidai da na ta katako. Ta miƙa masa. Ya ɓoye hannu a baya.

“Baba ya ce ba ni da shi.”

“Yaya,” na ce, “Baba ya fi shekara arba'in a ƙasa. Karɓi.”

Ya karɓa, ya busa. Kyanwata ta fita ta taga, ba ta dawo ba sai Talata. Yatsun kuwa sun sandare kamar tsiran alade a firji. Sai Gobnait ta ce to ita za ta busa, shi ya tsaya a bayanta ya zagayo da hannuwa ya taɓa ramukan. Ku dubi tuzuru ɗan sittin da wani abu, wanda bai taɓa rungumar komai ba sai buhun abincin shanu. Fuskarsa ta yi ja har kunne, gumi na zuba, yana ta ba ta haƙuri. Ni kuma ina tsaye da ludayi. Ba abin da ya fito sai ƙara ɗaya doguwa kamar jirgin ruwa na neman hanya a hazo.

Ya zauna ya riƙe kai. “A bar shi kawai. Ya tafi da mai shi.”

Nan raina ya ɓaci, kuma ni sai raina ya ɓaci nake tunani mai kyau.

“Ku duka biyu ba ku da wayo. Yatsun nan ba su san kicin ba, bas suka sani. Kuma ba sa aiki sai bakinsa na aiki. A kai su inda suka saba, a nemo masa wanda zai yi gardama da shi.”

Motar tana kwana a filin bayan gidansa ranar Lahadi. Muka je. Gobnait ta duba saman sitiyarin, sai ga wurare shida sun goge suna sheƙi, inda yatsun suka shekara suna dira. Ta ɗora sarewar ta daidaita ramukan da su, ta naɗe da salatif. Na aika aka ɗauko mini siririyar robar injin tatsa, mai rami kamar bututu, daga wurin maigidana, ta cusa bakin sarewar a ciki, ɗaya bakin kuma nata ne.

“Gwaggo, an wanke robar nan kuwa?”

“Ke da kike kwana a mota da ƙatti biyar? Busa.”

Saura abokin gardama. Na taka har gidan Fergal na same shi yana shirin fita da gogensa.

“Ina za ki da ni, Philomena? Ana jirana a Considine.”

“Su jira. Shekara nawa kana yi wa yayana dariya? Yau za ka yi masa amfani. Ka zauna a kujerar gaba ka zagi kiɗan lantarki. Ko me ka ji, kada ka yi shiru.”

“In wannan ne ai ko a barci zan iya.”

Malachy ya hau kujerarsa yana cewa shirme ne, ya tayar da inji, motar na tsaye tana rawar jiki. Gobnait ta durƙusa a kan matakala da roba a baki. Na zauna a bayan Fergal.

“Direba,” in ji Fergal, “ni fa na daɗe ina son in faɗa maka, kai ka lalata kunnen yaran garin nan. Jitar lantarki! Wannan ai injin yankan katako ne.”

“Kai ka san injin yanka, mahauci. Ka taɓa zama ka saurare su?”

“Ina zan saurari abin da ke sa haƙorina motsi?”

“To bari in gaya maka. Rabin yaran da ke zama a da'irarka yau, ta nan suka shigo. A motar nan na fara musu da ganguna, na bi da su a hankali har na miƙa maka su. Ka taɓa cewa na gode? Kai da a bar maka su, da tuni ka kore su da wannan fuskar taka!”

Hannuwan suka hau inda suka saba. Gobnait ta ja numfashi ta busa a hankali. Da fari shirme ne ya fito, sai kuma na ji kan taken Baba, wanda kowa ya sani, tsaf, sau biyu. Malachy bai ji ba, ga inji ga kunnensa, yana can yana yi wa Fergal bayanin wata ƙungiyar Scotland. Aka zo daidai wurin da Baba ke zarcewa. Bai zarce ba. Kiɗan ya hau sama, ya ɗan tsaya kamar mai leƙen katanga, ya gangaro ta wata hanyar da ban zata ba.

Bakin Fergal ya buɗe ya kasa rufuwa. Mutumin nan tun yana saurayi yake jiran abin nan. Na mintsine shi a wuya.

“Ci gaba, kai!”

“Shara ce!” ya yi ihu, hawaye na bin kumatunsa. “Duk shara ce! Da gangunan da masu gangunan... wayyo Allah, ji nan wurin... a kwashe su a zuba a teku!”

“Kuka kake don ka rasa hujja,” in ji Malachy, ya ƙara ƙaimi.

Sau uku juyin ya zagayo kafin Gobnait ta tofar da robar ta ɗaga hannu. Ni ban san na san shi ba. Ina ƙarama ta bango nake jiyo shi in an aike ni kwasar ƙwai. Warin ɗakin shanun nan ne ya dawo mini har maƙogwaro. Ban yi kuka ba, hayaƙin injin ne.

Aka kashe mota. Gobnait ta warware sarewar ta tsaya a gabansa ta busa masa abin da ta ɗauka. Ya karkato kunnen dama, ya karkato na hagu. Ya sa na'urorinsa, ya cire.

“Ina ganin yatsunki, kamar shi ne. Amma ba na jin na saman. Ba zan ce shi ne ba alhali ban ji ba.”

Sai Gobnait ta fita da gudu, ta dawo da motarta da aka gyara, ta sa Fergal, Fergal fa, ya taya ta sauke wata lasifika mai girman firji. Suka ja wayar wuta daga kicin ɗin Malachy, suka girke ta a bakin ƙofar bas, ta murɗa ta har ƙarshe. Da ta busa, gilasan motar suka ɗauki rawa, hankaki suka tashi daga rufin coci. Na toshe kunne da hannu biyu.

Malachy na zaune bai motsa ba, hannuwansa a cinya. Ta kai ƙarshe ta sauke. Ya daɗe yana kallon sitiyarin.

“Shi ne,” ya ce. Ya share hanci. “Amma kina gudu, 'yata. Ba a Donegal muke ba.”

Fergal ya ce a bar shi a tsakaninmu tukuna, abu mai daraja ba a watsa shi haka. Malachy ya ce a'a. A ranar, da sauran hasken rana, muka tafi Considine, ya sa Gobnait ta busa shi kai da juyi, a hankali, ta maimaita har sai da kowane mai goge da mai sarewa a ɗakin ya ɗauke. “Ku sace shi,” yake ta cewa. “Kowa ya sata ya kai gida.” Fergal da kansa ya matsar mata da kujera a cikin da'irar, ya matsar da wata don Malachy, yana gunagunin cewa doka dai doka ce amma yau ɗaya. Kujerar tana nan har yanzu. Ultan ya bugo waya daga Perth wai ai gadonsa ne, me ya sa ba a tambaye shi ba. Ni na ɗauki wayar. Bai sake bugowa ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Mujallar nan taku ta bara ta rubuta wai Gobnait Lenihan ta gano wani tsohon take a wurin wani dattijo. Wani dattijo! Ba sunansa, ba zancen wadda ta kawo shawarar bas, ba zancen robar maigidana da har yau ba a dawo da ita ba. Sannan ƙungiyar tata ta ɗauki taken Babanmu ta zuba masa ganguna da jita, yara na tsalle a kansa a Jamus. Na ce wa Malachy Baba na juyi a kabarinsa. Ya ce to ai gara, ya daɗe yana hana mutane juyin. Kuma wai nasun ne kaɗai yake iya ji yanzu, don yana shigo masa ta tafin ƙafa.

Ya ajiye tuƙi a bazarar nan, amma bai bar motar ba. Kullum da safe yana bakin titi da katinsa na tsofaffi na shiga mota kyauta. Sabon direban wani bawan Allah ne ɗan Poland, mai haƙuri, Malachy ya riga ya wuce da shi matakin masu gemu, yana kan na goge da sarewa. Ni kuma in na hau ran Juma'a da jakar cefanena, sai in tarar da yayana a kujerar gaba ya miƙe ƙafa. In na yi magana sai ya nuna kunnensa, wai ba ya ji.